Na guje wa zafi, amma enzayim ɗina yana mutuwa a cikin sanyi: tambaya kan feshi cikin ruwan naitirojin

Ɗalibar Kimiyya:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a fannin haɗa magunguna, aikina kuwa shi ne mayar da furotin gari mai laushi ba tare da ya rasa ƙarfinsa ba. Enzayim ɗin da nake gwaji da shi, wato furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, LDH ne (lactate dehydrogenase), saboda an san shi da rashin juriya, kuma auna ƙarfinsa ba wuya: a zuba masa sinadaran da yake aiki a kansu, fairubet da NADH, a sa ido a kan hasken nanomita 340 da NADH ke sha, a ga yadda layin ke sauka yayin da NADH ɗin ke ƙarewa.

Da injin feshi mai iska mai zafi na fara. Iskar tana shiga a digiri 130, tana fita a wajen 70. Gari ya fito, amma ƙarfin ya zube. Sai mai duba aikina ya ce mu koma hanyar feshi da daskarewa da busarwa, wadda ake taƙaita sunanta da SFD: a fesa ruwan maganin, ɗigon ya daskare nan take, sannan a kai shi injin busar da daskararren abu, a zuƙe iska, ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba.

Ga yadda nake yi. Enzayim yana cikin bafa (ruwan da ke riƙe ma'aunin tsami, wato pH, a wuri ɗaya) ta sodiyam fosfet, pH 7.4, na ƙara manitol, wani nau'in sukari, har abin da ke narke a cikin ruwan ya kai kashi 5 cikin 100. Ina turawa ta bakin feshi mai hanya biyu, ruwa ta tsakiya, iska mai matsi ta gefe, daga saman wani kwanon ƙarfe cike da ruwan naitirojin, maganaɗisu yana juyawa a ƙasa. In na gama sai in juye a tire in ruga da shi injin busarwa.

Garin da ke fitowa gwanin sha'awa. Fari fat, ba shi da nauyi, ko numfashi ka yi kusa da shi sai ya tashi. A madubin ilaktaron ƙwayoyin zagayayyu ne, duk jikinsu ƙofofi. Amma in na narkar da shi a ruwa na auna, kusan rabin ƙarfin babu. Ban da haka, abin da ke gefen tire yakan dunƙule ya yi danƙo, wani kuma ya tashi ya manne a ƙofar injin.

To tunda daga farko har ƙarshe abin bai ga zafi ba, me ke kashe shi? Ruwan naitirojin ne ya yi masa sanyi da yawa? Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya taimaka, Allah ya saka da alheri.

Mai Haɗa Magani:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Abin da ya same ki shi ake ce wa an gudu ba a tsira ba. Zafi maƙiyi ne guda ɗaya cikin maƙiyan furotin, kuma hanyar da kika koma ta kore shi ne kawai, ta ƙara wa sauran ƙarfi. Sanyin ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili, a karan kansa ba ya cutar da enzayim ɗinki. A irin wannan sanyin ake ajiye ƙwayoyin halitta shekara da shekaru. Ɓarnar tana faruwa ne a hanyar zuwa can da kuma hanyar dawowa.

Mu fara da feshin kansa, don ni shi na fi zargi. Ɗauki mililita ɗaya na ruwanki. In yana zaune a ƙaramar kwalba, wurin da ya haɗu da iska bai wuce santimita murabba'i biyu ba. Ki fesa shi ya zama ɗigo masu faɗin maikuromita 20, kin samu ɗigo wajen miliyan 240, faɗin fatarsu gaba ɗaya kuma ya kai santimita murabba'i 3,000. Furotin kuwa yana son mahaɗar ruwa da iska. Yana isa can sai ya buɗe naɗinsa, ya juya sassansa masu ƙin ruwa zuwa ga iska, daga nan ya manne da ɗan'uwansa da shi ma ya buɗe. LDH ɗinki gutsure huɗu ne a haɗe suke aiki tare, da sun rabu magana ta ƙare. In kuma ruwan naki bai da furotin da yawa, kason da ke kan fatar ɗigo ya fi girma, asarar ma ta fi fitowa. Wannan yawan fata ba sabon labari ba ne: Benson da Ellis, waɗanda suka fesa ruwan furotin cikin sanyi a 1948, faɗin fatar furotin ɗin suke nazari a kai, ba magani suke haɗawa ba.

Mutane suna ɗauka da ɗigo ya taɓa naitirojin ya daskare. Ba haka ba ne. Kin san yadda ɗigon ruwa ke rawa a kan kasko mai zafi ba ya ƙafewa da wuri? Ga naitirojin, ɗigonki shi ne mai zafin. Naitirojin da ke kewaye da shi yana tafasa, tururin ya lulluɓe shi ya hana sanyi isa gare shi da sauri. Leidenfrost ya bayyana wannan tun 1756. Ga kuma tafiyar da ɗigon ya yi a cikin iska kafin ya iso. Duk wannan lokaci ne da furotin ke samu ya hau fata. Shi ya sa a farkon shekarun 2000 masu bincike a Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka suka nutsar da bakin feshin cikin ruwan sanyin kansa, suka yi shi da roba mai hana sanyi ratsawa don kada ya toshe da ƙanƙara. Ɗigon ba ya bi ta iska kwata-kwata.

Na biyu, daskarewa. Ƙanƙara ruwa zalla take ɗauka, ta bar gishiri da sukari da furotin a matse cikin ɗan ruwan da ya rage tsakanin ƙanƙara da ƙanƙara. A nan bafarki za ta iya cin amanarki. Sodiyam fosfet gishiri biyu ne, mai sodiyam ɗaya da mai biyu, kuma mai biyun shi ke rigan fita daga ruwa in an yi sanyi. Da ya fita sai ruwan da ya rage ya yi tsami, pH ya iya faɗowa daga wajen 7 zuwa kusan 4. Saurin daskarewa yana rage wannan, amma ni ba zan jingina aikin digirina a kansa ba. Koma bafar histidin ko sitiret, ko fotasiyam fosfet, kuma kada ki zuba bafa fiye da buƙata. Sannan saurin daskarewar nan yana haifar da ƙananan ƙanƙara birjik, wato wata sabuwar fata ke nan da furotin zai manne a kai.

Na uku, manitol. Ina ganin dalilin da ya sa kika zaɓe shi, yana ba da gari mai kyan gani wanda ba ya saurin jan laima. Amma halinsa shi ne ya ware kansa ya zama ƙwayoyin kiristal, kuma sukarin da ya ware ba ya kare komai. Abin da furotin ke buƙata idan ruwa ya bar shi shi ne sukarin da zai tsaya a gurbin ruwan, ya riƙe shi a sandare cikin abin da muke kira yanayin gilas. Sukuros da tirehalos ke wannan aikin. Ki guji gulukos da laktos, suna haɗuwa da furotin a hankali, garin ya yi ruwan ƙasa a wurin ajiya. Ki sa tirehalos aƙalla daidai da nauyin furotin, fiye da haka ya fi, sannan ki ɗiga folisobet 20 ko 80, wani sinadari mai aiki irin na sabulu, kamar 0.01 zuwa 0.05 cikin 100. Shi folisobet yana rigan furotin isa fatar ɗigo ya tare wurin.

Amma kafin ki canja komai, ki gano inda asarar take. Ki fesa ruwan cikin busasshen kofi ba naitirojin, ki auna. Ki ɗiga shi da fifet cikin naitirojin ba feshi, ki narkar, ki auna. Ki fesa cikin naitirojin ki narkar ba tare da busarwa ba, ki auna. Sai na ƙarshe wanda ya bi duka matakan. Lambobi huɗun nan za su gaya miki abin da ni daga nan hasashensa kawai nake yi. Kuma duk lokacin da kika narkar, ki ɗaga kwalbar ki duba ta a haske: in ruwan ya yi hazo-hazo, furotin ya dunƙule ke nan.

Na Ɗakin Gwaji:

Dakta ya gama da ɓangaren sinadari, ni bari in taɓa tire da ƙofa, don injin busarwa ni nake kwana da shi.

Danƙon gefen tire narkewa ce. Ƙwayar da ba ta kai faɗin gashin kai ba, ba ta da jikin da za ta riƙe sanyi. Kin juye ta a tiren da ke zafin ɗaki, kin ɗora a kantar injin da ba a sanyaya ba, kafin famfo ya zuƙe iska gefen ya riga ya jiƙe. Ki kunna kantar tun kafin ki fara feshi, ta sauka digiri 45 ƙasa da sifili ta zauna. Tiren ma ki sanyaya shi, cokalin ma haka. Ki juye garin da sauran naitirojin a kansa, ya ƙarasa ƙafewa a cikin injin, ƙofa a ɗan buɗe. Sai ya ƙafe tas za ki tayar da famfo. In kika tayar da shi akwai sauran naitirojin, tafasar da zai yi ita ke watsa garin ko'ina, ga wahalar da famfo a banza. Ki rufe tiren da ragar ƙarfe mai ƙananan ido ko takardar tacewa, tururi ya wuce, gari ya tsaya. In ƙofar injinku ta roba ce mai gani ta ciki, ki lulluɓe ta da takardar alminiyam daga ciki, domin ɗumin ɗaki yana ratsowa ta nan, kuma layin gaba shi ke fara shan sa.

Sai maganar da ba na gajiya da faɗa wa ɗalibai. Lita ɗaya ta ruwan naitirojin tana zama iska kusan lita 700. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Oksijin a iskar da muke shaƙa kusan kashi 21 ne cikin 100, na'urar gargaɗi kan yi ƙara in ya sauka ƙasa da 19.5. Feshi cikin buɗaɗɗen kwano yana tafasa naitirojin da yawa fiye da yadda kike zato. Kada ki yi shi a ƙaramin ɗaki a rufe, kada ki yi shi ke kaɗai da dare, kada ki shiga lif tare da tulun, kuma kada ki taɓa ɗaure murfin kwalbar da ke da ko ɗigonsa a ciki. Gilashin kare fuska, ba tabarau kawai ba.

Ɗalibar Kimiyya:

Na gode ƙwarai Dakta, na gode Malam. Na yi gwajin farko na cikin busasshen kofi, kuma lallai tun daga nan ƙarfin ya fara sauka, ruwan ma ya yi kumfa. Sauran ukun suna tafe, na kuma nemi tirehalos da folisobet.

Abin da ban faɗa ba a farko: burin aikin shi ne garin da za a shaƙa ya isa huhu, LDH ɗin wakili ne kawai. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne ƙwayoyina sun kai maikuromita 20, littafi kuwa yana cewa sai 1 zuwa 5 ke shiga can ciki. In na ƙara matsin iska don ɗigon ya ƙanƙance, fatar da Dakta ke magana a kai ƙaruwa za ta yi. Ya zan yi?

Injiniyan Masana'anta:

Malama, da kin faɗi wannan tun farko da kin rage mini rubutu, don na shirya in ce miki ki bar feshin nan gaba ɗaya. Wanda burinsa kawai furotin ya bushe ya daɗe a ajiye, ya zuba a kwalba ya busar ta hanyar daskarewa da aka saba, ba shi da abin nema a wurin bakin feshi. SFD tana biyan wahalarta ne kawai idan siffar ƙwayar ake so. Ke kuwa ita kike so.

Kada ki ƙara matsin. Lambar 1 zuwa 5 da kika gani ba faɗin da ake gani a madubi ba ne, faɗi ne na yadda ƙwaya ke tafiya a cikin iska, kuma nauyi yana cikin lissafin. A injin zafi ɗigo yana tsukewa yayin da ruwa ke fita. A taki hanyar ba ya tsukewa, ƙanƙara ta riƙe masa girmansa, ta tafi ta bar ramuka. Ruwanki kashi 5 ne cikin 100, don haka kowane santimita kubik na ƙwayar nauyinsa wajen giram 0.05 ne. Nemi lambar da in kin ninka ta da kanta za ta ba ki 0.05, wato kusan 0.22, ki ninka da 20. Kin samu wajen 4.5. Ƙwayarki babba ce a ido, amma a iska ƙarama ce. Manyan ƙwayoyi marasa nauyi kuma sun fi saurin rabuwa da juna in an shaƙa fiye da ƙanana masu nauyi, waɗanda ke manne wa juna. Tun 1997 aka nuna wannan a aikin Edwards da abokansa. Lissafi dai lissafi ne, sai kin sa garin a na'urar da ke rarraba ƙwayoyi bisa tafiyarsu a iska kafin ki rubuta lamba a kundinki. In kina son ki sauko kaɗan, rage abin da ke narke zuwa kashi 3, amma ki sani ƙwayar za ta yi rauni, tana iya farfashewa a wurin juyewa. In kuna da bakin feshi mai aiki da girgizar sauti, gwada shi: ba ya buƙatar iska mai matsi, ɗigon yana sauka a hankali, girmansu kuma ya fi kusa da juna.

Duk da haka ina da ƙorafi a kan yadda aka yi saurin yanke wa injin zafi hukunci. Ɗigo ba ya ɗaukar zafin iskar shiga muddin ruwa na fita daga jikinsa, fitar ruwan tana sanyaya shi. Zafin da ya dame ki shi ne na fita, da kuma zaman da garin ke yi a kwalbar tarawa. Digiri 70 ya yi yawa, ana iya saukowa 45 ko 50. Kuma a can ma feshi kika yi, da manitol, ba folisobet. Wa ya ce zafi ne kaɗai ya kashe shi?

Ina faɗar haka ne saboda abin da ke gaba. Tayar da kilo ɗaya na ƙanƙara ya zama tururi yana cin kilojul wajen 2,800, a ƙarƙashin zuƙaƙƙiyar iska, kwandensa tana aiki, na tsawon yini ko fiye, alhali injin zafi cikin daƙiƙoƙi yake gamawa kuma ba ya tsayawa. Ga naitirojin, ga wahalar tsare tsabta daga ƙwayoyin cuta a buɗaɗɗen kwano. Nutropin Depot, maganin girma na Genentech da Alkermes wanda aka yi da fasahar feshi cikin naitirojin, ya samu amincewa a Amurka a 1999, aka daina yin sa a 2004, kamfanonin kuma suka ce abin da haɗa shi ke ci ne ya yi yawa. Yanzu akwai injuna masu doguwar hasumiya mai sanyi da ganga mai juyawa a rufe, amma ba kowace masana'anta ke da su ba. In kin gyara haɗin, ki mayar da shi injin zafi ki kwatanta. Babi guda ne a kundinki, kuma shi masu jarrabawa za su fi tambaya.

Mai Haɗa Magani:

Injiniya ya yi gaskiya a kan kwatancen, ki yi shi. Inda na ɗan saɓa da shi: garin tirehalos daga injin zafi yakan fito ƙanana masu nauyi da mannewa, sai an haɗa da lusin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, kafin ya tashi da kyau, kuma a ƙaramin injin ɗakin gwaji wani kaso mai yawa yana liƙewa a bango. Mai furotin 'yan miligiram ba zai so haka ba.

Gargaɗi ɗaya tunda za ki bar manitol. Shi yana yafe kuskure a wurin busarwa, tirehalos ba ya yafewa. Daskararren ruwan tirehalos yana fara laushi a wajen digiri 30 ƙasa da sifili, na sukuros a wajen 32. In garin ya haura nan alhali da sauran ƙanƙara a ciki, ramukan za su rufta, lissafin Injiniya ya tashi a banza. Ki riƙe garin a wajen 35 ƙasa da sifili. A wannan sanyin matsin tururin ƙanƙara milibar 0.22 ne kawai, a 40 ƙasa da sifili kuma 0.13, don haka matsin cikin injin dole ya zauna ƙasa da haka sosai, kamar 0.05 zuwa 0.1, in ba haka ba ba abin da zai tashi. Ki shimfiɗa garin siriri, kada ya kai santimita ɗaya, domin ƙwayoyin da ɗan gefe kawai suke taɓa juna, ɗumin kanta ba ya hawa sama da sauƙi.

Kada ki yi aiki da agogo wajen sanin ƙanƙara ta ƙare. In injinku yana da ma'aunin matsi iri biyu, na Pirani yana nuna lamba sama da ta gaskiya muddin tururin ruwa ya cika ɗakin. Idan ya sauko ya haɗu da ɗayan, ƙanƙara ta tafi. Daga nan ki ɗaga zafin kanta sannu a hankali zuwa 20 ko 25 don sauran laimar da ke jikin sukarin ta fita, ki nemi laima kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a gwajin Karl Fischer mai auna ruwan da ya rage. In za ki buɗe, ki cika injin da busasshiyar iskar naitirojin, ba iskar ɗaki ba, kwalabenki da murafensu suna kusa a shirye. Gari mai wannan yawan ƙofofi yana shan laima cikin mintoci, ya yi danƙo tun kina neman cokali. Idan sauran lambobi ukun sun fito ki kawo su nan, tare da adadin furotin da ke cikin kowane mililita.